Tafarnuwa, Zoɓo da Kitsen Jini: A Jikin Wa Aka Gwada?

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ba ka rasa mai lasifika yana tallar garin tafarnuwa da citta da hulba, wai Turawa sun gwada sun ga yana narkar da kitsen jini. Ba ƙarya ya yi ba, an gwada ɗin. Sai dai mafi yawan gwajin a jikin ɓeraye da zomaye aka yi shi.

Hanyar tsohuwa ce. Tun 1913 wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ya ɗura wa zomaye kolestarol har jijiyoyinsu suka cushe da kitse. Har yau haka ake yi: a ciyar da dabbobi abinci mai maiƙo na makonni, a ba rabinsu tataccen ruwan ganye, sannan a auna jinin kowa. A 2003 masu bincike a Taiwan sun yi wannan da zoɓo, irin wanda manoman Gagarawa da Sule Tankarkar ke cika buhuna da shi. Zomayen da aka ba zoɓon, kitsen jininsu ya sauka, jijiyoyinsu ma ba su cushe kamar na sauran ba. Ita kuwa hulba, yauƙinta ke riƙe ruwan matsarmama a hanji ya fita da bayan gida, sai hanta ta ɗebi kolestarol daga jini don ta haɗa wani.

To ina gizo ke saƙar? Zomo ciyawa yake ci, jikinsa bai san kolestarol a abinci ba, ɗan kaɗan ke hargitsa shi. Ɓera kuma yawancin kolestarol ɗinsa mai amfanin ne, wato HDL, alhali mu LDL ne ya fi yawa a jininmu, shi ne kuma mai toshe jijiya. Ga batun yawa: abin da ake ɗura wa ɓera, in aka lissafa da nauyin magidanci, sau da yawa ya wuce abin da tukunyar miya za ta ɗauka.

Da aka zo kan mutane sai labari ya sha bamban. A 2007 Jami'ar Stanford a Amurka ta ba mutum 192 tafarnuwa, wasu ɗanya wasu ƙwaya, wasu kuma na bogi don kwatantawa, har wata shida. LDL bai sauka ba. Zoɓo ya fi nuna aiki a kan hawan jini. A kan kitsen jini sakamakon ya rarrabu.

Shawarata, fara da gwaji. Yawan kolestarol ba ya ciwo, ba ya jiri, kuma siriri ma yana iya kamuwa. Ka tambayi gwajin kitsen jini a Babban Asibitin Gumel, ko a Dutse. Ana son jimillar ta kasance ƙasa da 200 a ma'aunin mg/dL.

In ya hau, gyaran daga kwano yake farawa. Rage man shanu a tuwo, da kitsen tsire, da kayan ciki, da man da aka yi ta maimaita suya da shi. Ƙara wake, kuɓewa, riɗi da geron da ba a surfe shi tas ba. Sa tafarnuwa da citta a miya yadda ka saba. Zoɓo kuwa a sha, amma irin wanda ake zuba wa sukari har ya yi danƙo ɓarnarsa ta fi amfaninsa.

Wanda likita ya ɗora a kan atorvastatin ko makamancinsa, kada ya ajiye don ya samu garin magani. Mai shan asfirin ko warfarin ya kiyayi ƙwayoyin tafarnuwa, suna ƙara tsinka jini. Hulba da yawa tana sauke sukari, don haka mai shan maganin ciwon sukari da mai juna biyu su nemi izinin likita kafin su mai da ita abin shan kullum.