Yadda Ake Gane Halin da Kyanwa Ke Ciki Daga Wutsiyarta

Ba kasafai kyanwa ke kai wa mutum yakushi ba tare da gargaɗi ba. Da wutsiya take yin gargaɗin, mu ne dai ba ma lura.

Fara da kallo daga nesa, kada ka kai hannu tukuna. Abu biyu za ka duba: inda wutsiyar ta dosa, sama ko ƙasa, da kuma saurin motsinta.

In ta nufo ka wutsiya a miƙe sama, gaisuwa ce, haka 'ya'yan kyanwa ke tarar uwarsu. In ƙarshen ya ɗan lanƙwashe, to cikin walwala take. Miƙa mata yatsa ta shinshina, sannan ka sosa mata haɓa. Wani lokaci za ta goga jikinta a ƙafarka har ta naɗe ka da wutsiyar. Warin jikinta take shafa maka, ta sa ka cikin nata ke nan. Miƙaƙƙiyar wutsiya mai karkarwa murna ce, sai fa in muzuru ne ya juya wa bango baya yana yin haka, wannan fitsari zai fesa don ya shata yankinsa.

Sai kaɗawa, kuma a nan aka fi samun matsala. Mun saba ganin kare na kaɗa bindi in ya hango ubangidansa, sai mu ɗauka ita ma daɗi take ji. Ina! Kana cikin shafa ta za ka ga ƙarshen wutsiyar ya soma ɗan motsi. Jim kaɗan ta shiga dukan tabarma da ita, fat, fat, fatar bayanta na tsuma, kunnuwa sun juya gefe. Shafar ta ishe ta. Janye hannunka tun a motsin farko, ka bar ta ta tashi don kanta. Amma ka duba inda idonta yake kafin ka yanke hukunci: in ta lafe ƙasa ta ƙura wa ƙadangare ido a jikin katanga, ƙarshen wutsiya na wutsil-wutsil, farauta ce ta ɗauke mata hankali.

In gashin wutsiyar ya tashi ta kumbura kamar tsintsiya, baya ya gantsare sama, tsoro ne ya kai matuƙa, tana ƙara wa kanta girma a idon abokin gaba. Kada ka ce za ka ɗauke ta ka rarrashe ta, kai za ta fara yaga. Kori abin da ya firgita ta, ka buɗe mata hanyar gudu. Wadda ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu ta takure kuwa, ko tsoro ko ciwo. In ta wuni haka ba ta ci ba, a nemi likitan dabbobi.

Abu na ƙarshe shi ya fi damuna. Wutsiya ci gaban ƙashin baya ce, ƙananan ƙasusuwa kusan 20 ne a jere, kuma jijiyoyin da ke gindinta suna haɗe da masu sarrafa fitsari da kashi. Fizga ɗaya mai ƙarfi, ko matsewar ƙofa, na iya lalata su. Don haka a hana yara ja mata wutsiya, a yi da gaske. In ka ga tana jan ta a ƙasa ba ta iya ɗagawa, musamman in fitsari na zubo mata ko ya ƙi fita, a kai ta asibitin dabbobi a ranar.