Amsoshin Tambayoyinku: Ana Iya Jin Ƙarar Tsatsa?

Wani mai sauraronmu daga Kaduna ya aiko da tambaya: shin gaskiya ne injiniyoyi suna gane tsatsa a tankin mai ta hanyar saurare?

To malam, gaskiya ne. Idan ƙarfe yana tsagewa, ko ɓawon tsatsa yana ɓantarewa, yakan saki ɗan sauti da ke ratsa jikinsa. Kunnen mutum ba ya wuce kilohaz 20, wannan sautin kuwa yakan kai ɗaruruwa. Sai a manna ƙananan na'urori a jikin tankin, su mayar da girgizar zuwa lantarki. Daga bambancin lokacin da sautin ya isa kowace na'ura, kwamfuta ke lissafa inda ɓarnar take.

Bajamushe Joseph Kaiser ne ya yi fitaccen bincike a kan irin wannan sautin a 1950, a birnin Munik.

Daɗin abin, ba sai an kwashe man ba. Ana rufe famfuna, a bar tankin ya natsu, sannan a kasa kunne. Amma fa ɓarnar da ke ci gaba kaɗai ake ji. Tsohuwar tsaga da ta tsaya shiru take yi. Ruwan sama da iska ma sukan rikita aikin, shi ya sa ake jira su lafa.