Katin Girafik da Zafin Bazara: Yadda Za Ka Ɗaura Masa Farantin Ruwa Ba Tare da Asara Ba

Ƙanena mai haɗa bidiyon biki a Makarfi, da kai mai zana fosta a Ikara, da mai shagon gem a Hunkuyi, kun san abin da watannin Maris da Afrilu ke yi wa kwamfuta. Fankoki su yi ta kuka, aiki ya yi ta jan ƙafa, wani lokacin allo ya ɗauke ana tsaka da fitar da bidiyo. Katin girafik ne ke ceton ransa. Yawancin katunan NVIDIA suna fara rage gudu da zarar zafinsu ya kai wajen digiri 83.

Sanyaya kati da ruwa kamar na injin mota ne. Farantin jan ƙarfe yana kwanciya a kan katin, ruwa ya bi ta cikinsa ya kwashe zafin, famfo ya tura shi lagireto, fankoki su hure. Aikin ba wuya, amma ba ya yafe gaggawa. Kuma na kwamfutar tebur ne, ban da laftof.

1. Auna kafin ka kashe kobo

Sauke manhajar GPU-Z ko HWiNFO, kyauta ne. Buɗe aikinka mafi nauyi da tsakar rana, ka bar shi minti 20, ka rubuta zafin da ka gani. Sannan ka hure ƙurar katin, ka canza masa man sanyaya, ka sake aunawa. Sau da yawa nan matsalar ke ƙarewa.

Ƙananan katuna irin su GTX 1660 Super mai cin wat 125, ko RTX 3060 mai wat 170, ba su cancanci wannan ɗawainiyar ba, kuɗin kayan zai iya kamo kuɗin katin. Ruwa na manya ne, irin RTX 3080 mai wat 320 ko RTX 4090 mai wat 450.

2. Sayi farantin da aka ƙera don katinka

Nan aka fi tafka asara. RTX 3080 na ASUS daban, na MSI daban, na Gigabyte daban, domin kowane kamfani da yadda ya jera kayan allonsa. Juya katin, ka ɗauki hoton takardar da ke manne a bayansa, ka nemi farantin da ya ambaci wannan sunan harafi da harafi.

Kamfanonin EK da Alphacool da Corsair suna yi, Bykski da Barrow na Sin kuma sun fi sauƙin kuɗi. Tambaya a PZ ta Zariya ko titin Beirut a Kano, amma ka sa a ranka cewa galibi oda ake yi ta intanet. Idan mai shago ya ce maka “ai duk ɗaya ne, zai shiga”, yi masa sallama.

3. Kada ka gauraya ƙarfe

Bayan farantin, kana buƙatar famfo da tankinsa, lagireto, tiyo, mahaɗai biyu ga kowane kaya, da ruwan. Famfo samfurin D5 ko DDC ne aka fi yarda da su. Lagireto kuwa, ƙa'idar masu aikin ita ce milimita 120 ga kowane wat 100. A zafinmu ka ƙara, kada ka rage: babban kati zai buƙaci fiye da mai milimita 360, wato mai fanka uku.

Idan farantinka jan ƙarfe ne ko mai rufin nikel, lagireto ma ya zama jan ƙarfe. Alminiyam da jan ƙarfe idan suka haɗu a ruwa ɗaya, alminiyam ɗin cinyewa yake yi, dattinsa ya toshe hanyoyin farantin. Tiyo kuma ɗauki mai laushi. Mai tauri ya fi kyau a hoto, amma samfurin PETG yana lanƙwashewa idan ruwa ya yi zafi.

4. Zaɓi rana, zaɓi wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka fara alhali amarya na jiran bidiyonta jibi, ware kwana biyu da babu aikin kowa a hannunka. Idan shagonka na bakin titi ne inda motocin rake da tumatir ke tayar da ƙura, kai aikin gida, ka rufe taga.

Da hunturu jiki yana tara lantarki saboda bushewar iska, shi ne ɗan tartsatsin da kake ji idan ka taɓa ƙofar mota. Wannan ya isa ya kashe kati. Yi aiki a kan teburin katako, ba kan darduma ko bargo ba, ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin ka taɓa katin. Ka sani kuma, buɗe kati na iya soke garanti.

5. Cire tsohuwar fanka a hankali

Zare wayar wuta daga bango. Kunna kyamarar wayarka, ka ɗauki hoto a kowane mataki. Notunan ba tsawonsu ɗaya ba, saboda haka zana katin a takarda, ka riƙa ajiye kowane noti a gurbinsa.

Idan notuna sun fita amma ƙarfen fankar ya ƙi rabuwa da allon, tsohon mai ne ya kama. Kada ka sa sukundireba ka ɓanɓare. Murɗa shi kaɗan dama, kaɗan hagu, zai saki. Ɗaga shi kamar faɗin yatsa biyu kawai, ka leƙa: akwai siririyar wayar fanka, wani lokacin da ta fitila. Zare su ta kan filoginsu, ba ta jan waya ba.

6. Goge har ya yi ƙyalli

Abin nan mai sheƙi a tsakiya shi ne ƙwaƙwalwar katin, kuma tsirara take, babu murfin ƙarfe irin na furosesa. Goge ta da sifirit na aisofirofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, da ƙyalle marar gashi. Ban da fetur, ban da tina, ban da kankarewa da reza. Ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da ita, farce ma na iya ɓalle su.

7. Kaurin fad ba abin kintace ba ne

Fad su ne 'yan lausasan faci da ake ɗorawa kan memori da sassan da ke rarraba wuta. Takardar farantin za ta nuna inda za ka sa mai milimita 0.5, da mai 1, da mai 1.5. Bi ta sau da ƙafa. Fad mai kauri fiye da kima yana ɗage farantin daga kan ƙwaƙwalwar, siriri kuma ba ya taɓa memori. Kowane fad yana da leda a fuska biyu. Ɓare duka biyun, ta ƙasan ce aka fi mantawa.

8. Shafa mai, ɗaure noti

Shimfiɗa man sanyaya siriri, ya rufe ƙwaƙwalwar har kusurwoyinta huɗu. Kwantar da farantin a kan kwalinsa, ka kifa katin a kai, ramuka su yi daidai. Yi amfani da notunan da suka zo da farantin, da wosha ɗinsu na roba.

Fara da notuna huɗu na tsakiya: na sama dama, na ƙasa hagu, na sama hagu, na ƙasa dama, kowanne rabin juyi, kana zagayawa. Da ka ji ya tsaya, tsaya. Idan kana da ragowar mai, sake buɗewa ka duba shaida: mai ya baje ko'ina, kowane fad kuma ya fito da shatin abin da ya danna. Idan haka ne, goge, sake shafawa, rufe.

9. Ruwan da za ka zuba

Ban da fiya-wata, ban da ruwan rijiya ko na burtsatse, gishirin da ke cikinsu zai daskare a farantin. Sayi ruwan da aka haɗa musamman don kwamfuta, ko ruwan distil ka ɗiga masa maganin gansakuka. Ka yi hattara da ruwan batir na gareji, ana iya ba ka mai asid.

Ɗauraye lagireto kafin ka ɗaura. Tanki ya kasance sama da famfo, domin famfon da ya juya babu ruwa lalacewa yake yi nan da nan. Duba zoben roba a kowace mahaɗa, ka ɗaure da hannu, ba da filaya ba.

10. Gwajin yoyo, kada ka tsallake

Zare duk wayoyin wuta daga babban allo da katin, ka bar na famfo kaɗai. Akwai ɗan filogi da ake sa wa babbar waya mai fil 24 don tayar da akwatin wuta shi kaɗai, saya tare da kayan. Shimfiɗa farin tishu ƙarƙashin kowace mahaɗa. Cika tanki, kunna, kashe kafin ya ƙare, ƙara ruwa, har ya zagaya. Karkata akwatin kwamfutar gaba da baya iska ta fita.

Bar famfon ya yi awa 12 zuwa 24. Idan wutar unguwarku ba ta zama, ɗora shi a kan inbata ko sola, famfo ba ya cin wuta sosai. Tishu ya jiƙe? Kashe, gyara, bari ya bushe sarai, sake farawa daga farko.

11. Kunna, ka sake aunawa

Maimaita gwajin mataki na 1. Kada ka sa ran digiri 40 da kake gani a YouTube, ɗakunansu da sanyi. Ruwa ba ya sauka ƙasa da zafin iskar ɗaki. Idan shagonka yana digiri 36, kati ya tsaya tsakanin 55 da 65 yana aiki, ka ci riba. Duba kuma lambar da manhajar ke nunawa ta wuri mafi zafi. Idan ta haura ta ainihi da fiye da digiri 20, farantin bai kwanta daidai ba, koma mataki na 7.

12. Kulawa

Hure lagireto duk mako biyu da hunturu. Leƙa tanki duk wata. Canza ruwa aƙalla sau ɗaya a shekara, a watan Fabrairu, kafin zafi ya kankama. Ajiye tsohuwar fanka da notunanta a leda, za ka neme su ranar sayar da katin.

Gobe da safe abu uku kawai za ka yi: sauke GPU-Z, ɗauki hoton takardar bayan katinka, sannan ka jira azahar ka auna zafi. Idan lambar ba ta kai 80 ba, riƙe kuɗinka, ka sayi UPS.