Darasi na Tara: Awon Cutar Kaji

Kaza dukiyar talaka ce. Amma da hunturu annoba takan shiga akurki, ta share kaji cikin 'yan kwanaki. Cikin annobar kaji akwai murar tsuntsaye. Ta fara bayyana a Nijeriya cikin 2006, a wata gona kusa da Jaji. Tana iya kama mutum.

Ido kaɗai ba ya rarrabe ta da sauran cututtuka. Saboda haka aka yi abin awo, tsawonsa kamar yatsa. Malamin dabbobi yakan goga auduga a maƙogwaron kaza, ya tsoma ta cikin ruwan magani, ya ɗiga ruwan a kan abin awon. Bayan kamar minti 15 zane yakan fito. Zane ɗaya, ba a ga cuta ba. Zane biyu, akwai cuta. Daga nan sai a aika Vom, a tabbatar.

In kajinka sun fara mutuwa, kada ka kai sauran kasuwar Shuwarin. Kada ka yanka ka ci. Ka ware su, ka sanar da malamin dabbobi a Dutse. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi:
1. Zane nawa ke nuna cuta?
2. Ina ake tabbatarwa?