NOMAN LALLE: ITACEN DA KE SON ZAFI, YANA TSORON SANYI

Ƴan'uwa manoma maza da mata, babu gidan da bai san lalle ba. Da shi ake yi wa amarya ƙunshi, da shi mata ke ado ranar salla da ranar suna. Amma da yawa daga cikinmu saye muke a kasuwa, alhali ƙasarmu ta Ƙonni da Malbaza da Illela tana karɓar sa sarai. A wannan darasi za mu ga yadda ake dasa shi, da yadda ake kiyaye shi lokacin hunturu.

Halin lalle

Lalle ƙaramin itace ne mai rassa da yawa. Idan aka bar shi, tsayinsa kan kai mita 2 zuwa 6. Yana yin ƙananan furanni farare masu ƙamshi, amma rinin da muke nema cikin ganye yake. Zafin bazara ba ya damun sa, kuma idan saiwarsa ta kama ƙasa yana jure ƙishirwa. A ƙasar Indiya, manoman garin Sojat, inda ruwan sama ba shi da yawa, da lalle suka yi suna a duniya.

Abin da lalle ba ya so shi ne sanyi. Masana sun nuna cewa idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 11 ba ya jin daɗi, idan ya sauka ƙasa da digiri 5 yana iya mutuwa. Mu a nan raɓa ba ta daskarewa, saboda haka babban itace yana tsallake hunturu. Sai dai daga Disamba zuwa Janairu girmansa yana tsayawa, ganye ya zube, busasshiyar iska kuma ta ƙone ƙananan dashe. Ke nan duk aikin lalle da lokaci ake yin sa.

Ina za mu dasa?

Mu zaɓi wurin da rana ke samu sosai, ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Masu gonaki a gandun noman rani na Ƙonni, wanda ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango bisa Maggiya, da masu garakan albasa na Galmi, da na kwarin Badagishiri, suna iya jera shi a iyakar garka. Nan zai zama shinge, ya tare iska, ya kuma kawo kuɗi ba tare da ya ci wurin albasa ba. A gida ma ana iya dasa gindi biyu ko uku kusa da rijiya.

Yadda ake dasawa

1. Lokacin da ya fi kyau shi ne farkon damina, Yuni ko Yuli. Kada a yi dashe cikin sanyi.
2. A yanko reshe mai ƙwari, kaurin yatsa, tsawon taƙi ɗaya, mai idanu 6 zuwa 8.
3. A haƙa rami, a gauraya ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a binne rabin reshen, a danne.
4. Idan shinge ake so, a bar santimita 30 zuwa 50 tsakanin gindi da gindi.
5. Wanda zai shuka iri ya jiƙa shi kwanaki, yana sake ruwa kullum, domin ɓawonsa na da tauri.
6. A kewaye da ƙaya saboda awaki.

Kiyaye shi lokacin hunturu

A kafa zana ko darnin kara ta wajen gabas da arewa, inda iska ke fitowa. A shimfiɗa ciyawa a gindi don laima ta daɗe. A rage ban ruwa, kuma a bayar da hantsi. Kada a yi masa aski cikin sanyi, domin tohon da zai fito ba ya da ƙarfi. A jira zafi ya dawo.

Girbi

Idan itacen ya shekara, a yanke rassa da lauje mai kaifi, a bar gindi kamar santimita 10 zuwa 15 bisa ƙasa. Zai sake toho. Inda ake ban ruwa ana iya yanka fiye da sau ɗaya a shekara, kuma gindi ɗaya yana wuce shekara 10 yana bayarwa. A shanya ganye cikin inuwa, domin rana tana kashe masa launi, mai saye kuwa kore yake nema. A daka, a tankaɗe, a ajiye inda laima ba ta shiga.

Gargaɗi don lafiyarmu

Lalle na gaskiya ja yake kamawa. Baƙin lallen da ke kamawa nan take sau da yawa an haɗa shi da rinin gashi mai sinadarin PPD, wanda ke sa ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje, har ya bar tabo. Haka kuma kada a shafa wa jariri lalle ko da na gaskiya ne. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma lalle yana iya fasa masu jini. Idan idon yaro ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi duhu, a gaggauta kai shi asibiti mafi kusa.

Tambayoyi

1. Wane lokaci ake dasa lalle?
2. Don me ba a yanka shi cikin hunturu?
3. Me ya sa ake shanya ganye a inuwa?