Matakalar Ofis Ta Zame Mini Katanga

Tambaya: Ina amfani da keken guragu, kuma na samu aikin kwamfuta a wani ofishin gwamnati a Kafanchan. Kullum sai an ɗaga ni a matakala, kekena kuma ba ya shiga ƙarƙashin tebur, bayana har ya fara ciwo. Yaya zan yi? Mai karatu daga Kagoma.

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Gyaran hanyar shiga ofishin haƙƙinka ne. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, kuma wa'adin ya cika.

Ka rubuta wa shugaban ofis takarda cikin ladabi, ka ajiye kwafi. Ka nemi gangara ta siminti wadda kowace santimita 1 ta tsayi za ta samu santimita 12 na tsawo. Matakala mai tsayin santimita 30 tana buƙatar gangarar mita 3.6, da ƙarfen riƙewa a gefe. Maginin unguwa zai iya yinta.

Tebur kuwa, kafinta ya ƙara tsayin ƙafafunsa har ƙarƙashinsa ya kai kusan santimita 70, gwiwoyinka su shige. Saman allon kwamfuta ya zo daidai da idonka. Ciwon bayan kuma likita ya duba shi.

In sun yi kunnen uwar shegu, ka kai ƙara Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa. Kada ka bar aikinka saboda matakala.