Darasi Daga Kakar 2021/22: Yadda Sai Masu Gida Suka Faɗi

'Yan'uwa ɗalibai, duk mai son ƙungiyar ƙwallon makarantarmu ta yi nisa, a gasar tsakanin sassa ko a wasannin NIPOGA, ya kamata ya san tarihin kaka ɗaya ta Kano Pillars. Abin da za mu koya shi ne, ba a cikin fili kaɗai ake zubar da maki ba.

Mu fara da sanin ƙungiyar. An kafa Pillars a 1990. Ta ci gasar Firimiyar Najeriya sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Sai da ta yi kusan shekara 12 ba a doke ta a gida ba a wasan lig, kafin Nasarawa United ta karya wannan tarihi a 2015. Ka ga ai laƙabin Sai Masu Gida ba a banza ya zo ba.

A kakar 2021/22 ƙungiyoyi 20 ne suka fafata, kowacce wasa 38. Nasara maki uku, canjaras maki ɗaya, huɗun ƙarshe kuma su sauka. A watan Afrilun 2022 Pillars ta karɓi Katsina United a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Wasu magoya baya suka tayar da rikici, aka farfasa motar baƙin. Hukumar gasar ta ci tarar Pillars naira miliyan 9, ta cire mata maki uku, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. A watan Yuni, a wasa da Dakkada, shugaban ƙungiyar ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu, aka sake hukunta ta. Da kaka ta ƙare, Rivers United ta ɗauki kofi, Pillars ta sauka tare da Katsina United, Heartland da MFM. Sai a 2023 ta dawo.

To, me muka koya?

Na farko, maki uku guminsa minti 90 ne. 'Yan wasa sun sha atisaye, sun sha rana, amma mutum ɗaya mai dutse a hannu ya isa ya kwashe shi cikin minti ɗaya.

Na biyu, gida gata ne. Wanda aka kai shi Abuja ya buga "wasan gida", ga kuɗin mota, ga gajiyar hanya, ga babu masu yi masa kirari.

Na uku, idan babba ya kasa riƙe zuciyarsa, wa zai tsawata wa yara?

Mu nan Talatar Mafara ba mu da miliyoyin biyan tara, amma muna da abin da za mu rasa. Faɗa ɗaya a wasan sassa ya isa a dakatar da gasa, ko a kai ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa yana dab da karɓar difilomarsa. Alƙali zai yi kuskure, wannan kam dole ne. Kyaftin ya rubuta ƙorafi ga kwamitin wasanni, mu kuma 'yan kallo mu tsaya bayan layi. Baƙin da suka zo mana, mu raka su har mota lafiya, don gobe mu ne baƙi a garinsu.